Jawabin Maraba ga Babban Baƙo, Tsohon Ɗan Majalisar Dokoki, a Madadin Ɗaliban Digiri na Biyu da na Uku a Kimiyyar Siyasa, Kaduna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma babban baƙonmu, babanmu kuma dattijonmu, mai girma shugaban wannan taro, shugaban sashenmu da malamanmu, farfesoshi da daktoci, iyayen ƙasa da wakilansu, 'yan jarida, 'yan'uwana ɗalibai maza da mata, barkanmu da warhaka.

Ranka ya daɗe, 'yan'uwana ne suka wakilta ni in yi maka maraba. Sannu da zuwa, sannu da hanya. Mun san ba kowace gayyata kake amsawa ba yanzu, saboda shekaru da kuma jiki, shi ya sa muka ɗauki zuwanka babbar karramawa. Zauren namu ƙarami ne, kujerun ma ka gan su, sai dai Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Waɗannan da ke zaune a gabanka ɗaliban kimiyyar siyasa ne, wasu suna digiri na biyu, wasu suna na uku, wato digirin digirgir. Kaɗan ne daga cikinmu suka shigo kai tsaye bayan bautar ƙasa. Akwai malaman sakandare, akwai ma'aikatan gwamnati, akwai 'yan jarida da masu kaki, akwai uwaye da ke barin yara wajen kaka su zo aji. Albashin wata shi ne kuɗin makaranta, shi ne kuɗin mota zuwa wajen bincike, shi ne kuɗin buga kundi. A takarda, digiri na biyu kamar shekara biyu ne, na uku kuma shekara uku ne mafi ƙaranci. A zahiri sai abin da hali ya yi, domin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 kaɗai ya ci wata takwas. 'Yan'uwa a gida kuwa ba su daina tambayarmu ko takara za mu tsaya ba. Idan muka ce a'a, nazari muke yi, sai su ce to Allah ya kyauta.

Amma wanda ke nazarin siyasa a Kaduna bai isa ya yi kukan rashin abin nazari ba. Tun 1917 da Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru, garin nan yake ganin mulki iri-iri. A nan, a Majalisar Dokokin Arewa, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a 1950 ya kawo ƙudurin a gyara mulkin En'e, a lokacin da taɓa wannan magana sai mai ƙarfin hali. A nan aka miƙa wa Jihar Arewa mulkin kai a watan Maris na 1959. Gidan Sardauna da ke kan titin Rabah, inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, shi ne ya zama Gidan Arewa, cibiyar bincike da adana tarihi da marigayi Farfesa Abdullahi Smith ya aza harsashinta a 1970, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ga kuma reshen Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda mutane ke tasowa daga Ingila da Amurka su kwashe watanni, mu kuwa kuɗin Keke Napep ne ya raba mu da shi. Ko a kwanan nan, a zaɓen ƙananan hukumomi na 2018, jihar nan ce ta fara amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a a Najeriya.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin karatu na gidan adana takardun ya san abin da zan faɗa. Za a kawo maka fayil ɗaure da igiya, takardun sun yi ja, gefensu yana marmashewa a hannu. Ka buɗe ka ga rahoton Di'o kan harajin wata gunduma, an ƙidaya magidanta da shanu, a gefe Razdan ya yi tsokaci da jan alƙalami, a bayansa kuma ga takardar koke da wani talaka ya sa aka rubuta masa da ajami. Turawan sun yi mulkin mallaka, amma ba su yi wasa da takarda ba. Sai ya zama ɗalibin da ke rubutu kan 1930 ya fi mai rubutu kan 1980 samun hujja a hannu. Wannan abin mamaki shi ne dalilin da ya sa muka nace sai ka zo.

Ranka ya daɗe, kana cikin zauren Lugard, wato mazaunin Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, a matsayin ɗan majalisa daga 1979 har sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu a ƙarshen Disamban 1983. Lokacin Katsina tana cikin Jihar Kaduna, sai a 1987 aka raba. A idonka aka yi dambarwar da har yau ake koyar da ita a azuzuwanmu: gwamna, marigayi Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, ɗan jam'iyyar PRP, majalisa kuwa jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye. Aka ƙi amincewa da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki babu su, har aka tsige shi a watan Yunin 1981, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a ƙasar nan, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau. Wannan duk mun haddace. Muna iya kawo ra'ayoyin masana kan rabon iko tsakanin majalisa da ɓangaren zartarwa, mu cika babi na biyu na kundinmu da su. Abin da ba mu da shi shi ne abin da ya gudana bayan an tashi daga zama: wa ya yi ƙoƙarin sulhu, a gidan wa aka zauna, me sarakuna suka ce, me ya sa sulhun ya rushe, kuma yaya ɗan majalisa yake komawa mazaɓarsa ya fuskanci talakawan da aka soke musu haraji da jangali. Jaridun lokacin kowace da ɓangarenta. Waɗanda suka san amsar kuma kullum raguwa suke yi. Shi kansa Malam Balarabe ya rasu a 2020, Allah ya jiƙansa.

Ni a ganina, kuma malamaina su yi mini afuwa, mun cika dogara da takardar tambayoyi. Ɗalibi ya buga ɗaruruwa, ya nufi tashar Kawo ko Kasuwar Barci yana rabawa. Wani ya ce nawa za a ba shi, wani ya ɗauka masu karɓar haraji ne suka aiko shi, wani ya karɓa don kunya ya yi ta sa alama a layi ɗaya tun daga sama har ƙasa. A zuba a kwamfuta, alƙaluma su fito tsaf, a kare kundi, a tafa. Hanyar tana da amfaninta idan an bi ƙa'ida, ban musa ba. Sai dai akwai tambayoyin da ba ta iya amsawa. Yadda rikicin shekarar 2000 ya sa mutanen garin nan suka yi ƙaura, wasu suka tsallaka kogi zuwa kudu, wasu suka dawo arewa, da yadda wannan ya sauya lissafin zaɓe a Rigasa da Sabon Tasha, ba abu ne da za a gane da "na yarda" ko "ban yarda ba". Sai an zauna da mutane, an saurare su, an koma an sake saurare, sannan a gwada maganarsu da abin da ke rubuce.

To, Baba, ga roƙonmu. Mun ji labarin kana da akwatuna a gida: takardun zaman majalisa, rahotannin kwamiti, wasiƙun jam'iyya, hotuna, har da takardun yaƙin neman zaɓe. Muna roƙo ka duba yiwuwar miƙa su ga Gidan Arewa, ko ka bari a ɗauki hotonsu a adana a kwamfuta, asalin ya zauna a hannun iyali. Gara da damina ba sa jiran kowa, kuma sau da yawa magada ba su san darajar tsohuwar takarda ba sai bayan mai ƙosai ta naɗe kaya da ita. Muna kuma roƙo ka ba mu lokaci, ko da awa ɗaya ce a mako, ɗalibai biyu ko uku su zo su ɗauki bayaninka. Sannan ka yi mana iso wajen sauran abokan zamanka da ke raye, na jam'iyyarka da na ɓangaren hamayya, domin ƙofar da za ta buɗe maka da sallama ɗaya, mu sai mu shekara muna ƙwanƙwasawa.

Mu ma akwai alƙawari a wuyanmu. Abin da ka ce a sakaya suna, za a sakaya. Abin da ka ce kada a fitar sai bayan wani lokaci, za a riƙe amana, malamanmu ne shaida. Ba za mu mayar da maganarka makamin siyasar yau ba. Amma ka yi haƙuri da mu, aikinmu ya tilasta mana mu ji ta bakin wanda kuka yi saɓani da shi, mu kuma rubuta abin da hujja ta nuna ko da bai yi wa wani daɗi ba. Mun san wanda ya sha muhawara a zauren Lugard ba zai tsorata da tambayar ɗalibi ba.

Bayan jawabinka, shugaban taro ya ware lokacin tambayoyi. Ina sanar da kai tun yanzu cewa 'yan'uwanmu mata sun riga sun rubuta tasu, kan yadda aka yi kamfe a 1979, zaɓen ƙasa na farko da matan Arewa suka kaɗa ƙuri'a, bayan gwagwarmayar su Hajiya Gambo Sawaba. Ga na'urar ɗaukar magana nan a kan tebur, ba za a kunna ta ba sai ka ba da izini.

Muna godiya ga iyalanka da suka rako ka, da malamanmu da suka tsaya har wannan zama ya yiwu. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ranka ya daɗe, bismillah, zaure naka ne.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.