Wai ina aka kai sunan Alice Guy?

Jama'a masu sauraro, abin nan fa ya ishe ni. Duk sanda aka tashi lissafa waɗanda suka kafa harkar fim sai ka ji an ce 'yan gidan Lumière, an ce Méliès, an ce Griffith, shikenan an rufe littafi. To ina Alice Guy?

Matar nan 'yar Faransa ce, sakatariya a kamfanin kyamara da finafinai na Gaumont da ke Paris. Lokacin yawancin masu kyamara ba abin da suke ɗauka sai jirgin ƙasa na shigowa tasha ko leburori na tashi daga aiki, ita kuwa ta nemi maigidanta Léon Gaumont ya bar ta ta haɗa labari, wajajen 1896, tana cikin na farko-farko a duniya da suka yi haka. Ita ta riƙe sashen shirya finafinan kamfanin har 1907. Fim ɗin da ta yi a 1906 kan rayuwar Almasihu, da mutum kusan 300 a ciki, wasu marubuta tarihi suka ɗauka suka jingina wa mataimakinta Victorin Jasset. Haba jama'a!

Ta koma Amurka ta buɗe nata kamfanin, Solax, a 1910, bayan shekara biyu ta gina katafaren sitidiyo a garin Fort Lee da ke jihar New Jersey. A bangon wurin ta kafa allo da ke ce wa 'yan wasa su saki jiki su yi abu kamar a zahiri, alhali a zamanin, tunda ba murya, kowa zare ido yake yana wurga hannuwa sama. Duk ɗan wasan da ya burge ka yau don bai cika iyayi ba, wannan koyarwar yake bi ko bai sani ba. A 1912 ɗin dai ta yi fim da baƙaƙen fata zalla, a Amurkar wariyar launin fata.

Wasu za su ce ai yawancin finafinanta sun ɓata ne shi ya sa aka manta ta. Ku bar wannan zancen. Méliès da hannunsa ya cinna wa nasa wuta, an manta shi? Cire sunanta aka yi. Gaumont ɗin da ta yi wa wahala ya rubuta tarihin kamfaninsa bai saka ta ba, tana raye tana gani, ta tsufa tana bin sawun finafinanta tana roƙon a gyara. Ta rasu a 1968 tana da shekara 94, littafin tarihin rayuwarta ma bai samu fitowa ba sai 1976.