Tyneham: Ƙauyen Ingila Da Aka Ce Wa Mutanensa Za Ku Dawo

Assalamu alaikum jama'a. Wurin da zan ba ku labarinsa kufai ne, kufai na gaske irin wanda muka sani, gidajen dutse babu rufi babu ƙofa, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki. Kuma ba a wata ƙasa da yaƙi ya cinye ba ne, a kudancin Ingila ne, a yankin Dorset, tafiyar kamar mil ɗaya daga bakin teku. Sunan ƙauyen Tyneham, ana furta shi Tainam. Rabon da wani ɗan garin ya kwana a nan tun watan Disamba na 1943.

Tsohon gari ne sosai fa. A shekarar 1086 da Sarki William ya sa aka zaga Ingila ana rubuta wa ke da wane fili da dabbobi nawa saboda haraji, sunan wannan wuri ya shiga kundin, kuma masana suka ce ma'anar sunan ita ce shingen awaki. Daga 1683 kuma kusan duk kwarin ya zama mallakar zuri'a ɗaya, gidan Bond, su ke da babban gida, su ke da gonaki, sauran jama'a kuwa ƴan haya ne masu yi musu aiki, wasu noma wasu kiwo wasu wanki, wasu kuma masunta ne a gaɓar Worbarrow. Ku riƙe wannan maganar ta haya, za mu dawo kanta. Har ranar da aka tashe su babu lantarki a gidajen nan, babu ruwan famfo a cikin gida, sai an fita an ɗebo.

To sai ga yaƙin duniya na biyu. A 1943 ɗin nan, shekarar da ake ɗiban kakanninmu sojojin Afirka ta Yamma ana zuba su a jirgin ruwa zuwa fagen daga na Burma, su ma Turawan a gida suna shirin tsallakawa Faransa su kori sojojin Hitila. Dama akwai sansanin koyon harbi da tankar yaƙi a Lulworth nan kusa, amma sababbin tankokin harbinsu na zuwa nesa, filin da ke akwai ya yi kaɗan. Sai a tsakiyar Nuwamba wasiƙa ta iso kowane gida daga rundunar soja, wai saboda maslahar ƙasa dole ku bar gidajenku, ranar ƙarshe 19 ga Disamba. Wato wata ɗaya kenan, cikin tsananin hunturu, saura kwana 6 Kirsimeti. Mutum 225 abun ya shafa a ƙauyen da kewayensa, filin da soja suka karɓe kuma ya kai eka 7,500.

Ba su yi gardama ba, wannan shi ne abun da ya fi tsaya min a rai. Ƴaƴansu na fagen daga, gwamnati ta ce ga abun da zai taimaka, kuma an fahimtar da su cewa na ɗan lokaci ne, yaƙi na ƙarewa kowa ya koma ɗakinsa. Suka ɗaure kayansu. Kafin su fita aka rubuta ƴar takarda aka liƙa a ƙofar coci, ga abun da ta ce in na mayar da shi Hausa: Don Allah ku kula da cocin nan da gidajen nan. Mun bar gidajenmu, inda da yawanmu muka zauna iyaye da kakanni, don mu taimaka a ci yaƙin nan mutane su zauna cikin ƴanci. Wata rana za mu dawo, kuma mun gode da za ku riƙe mana ƙauyen da mutunci.

Ku ji fa, godiya suke yi tun kafin a yi musu komai.

Ranar 6 ga Yuni 1944 aka tsallaka zuwa gaɓar Normandi a Faransa, 1945 yaƙi ya ƙare, mutanen Tyneham suka fara jiran kira, shiru. A 1948 gwamnati ta saye filin gaba ɗaya da ƙarfin doka, don a lokacin an shiga zaman doya da manja da Tarayyar Sobiyet kuma soja sun ce ba su da wani filin harbi kamarsa. Nan ne maganar haya ta dawo, kuɗin fili da gidaje na mai fili ne, shi aka biya, talakan da aka haifi kakansa a ɗakin nan tunda ba shi da takarda abun da ya samu bai wuce diyyar kayan lambun da ya shuka a bayan gida ba. Ni dai a ganina wannan ba adalci ba ne, ko da kuwa doka ta yarda, alƙawari kaya ne kuma an sauke shi a kan waɗanda ba su da bakin magana.

An yi ta fafutuka daga baya, a 1968 aka kafa ƙungiyar neman a dawo da ƙauyen, a 1973 wani kwamitin gwamnati ma ya ba da shawarar soja su saki filin, amma gwamnati ta ƙi, sai dai ta yarda a riƙa buɗe wa jama'a hanya a ranakun da ba a harbi. Tun 1975 haka ake yi, yawancin ƙarshen mako da lokutan hutu.

Ranar wata Asabar na je. Daga garin Wareham ka nufi kudu, hanya ƴar siririya tana hawa tudu, ga alluna ko'ina suna gargaɗin kar ka sauka daga hanya, kar ka taɓa duk wani ƙarfe da ka gani a ƙasa saboda harsashin da bai fashe ba, can nesa kana hango gawar tankoki duk sun yi tsatsa, su ake auna wa in ana atisaye. Sai ka gangara cikin kwari, kawai ka ji shiru, tsuntsaye kawai da tumaki. Layin farko da za ka tarar ƴan gidaje ne a jere, a cikinsu har da wanda ya kasance gidan waya kuma kantin gari, a gabansa ga ɗan ɗakin tarho fari irin wanda aka kafa musu a 1929. Na shiga ɗaya daga cikin gidajen, ɗakin ƙasa ko tabarma huɗu ba zai ci ba, ga murhu a jikin bango har yanzu da alamar baƙin hayaƙi, sama kuwa sai sararin samaniya. Kuma a jikin bangon an kafa allo mai hotuna, ga hoton matar gidan tsaye a bakin wannan ƙofar da na shigo ta ciki, ga sunan mijinta da sana'arsa, ga ƴaƴansu nawa, ga inda aka kai su bayan an tashe su. Wallahi sai da na juya na sake kallon ƙofar.

Makarantar garin ita an gyara ta. Aji ɗaya ce tak, dama tun 1932 aka rufe ta saboda yara sun yi kaɗan, yanzu an mayar da ita yadda take a da, tebura a jere da aikin yara a kai, zanen tsuntsaye da furanni da bayanin abun da suka gani a daji. A bakin shiga akwai ƴan ƙugiyoyi na rataye riga, kowace da sunan yaro a kanta. Na ga wata tsohuwa da sanda tana bin sunayen nan da yatsa ɗaya bayan ɗaya a hankali, wani saurayi na riƙe da hannunta, ban tambaye ta komai ba don ba hurumina ba ne, amma ta daɗe a wurin.

To ina aka samo duk waɗannan sunaye da labarai, alhali gari ya watse fiye da shekara 80 da suka wuce? Nan ne nake so ku lura da kyau. Wani ɓangare daga takardu ne, a Ingila tun 1538 aka umarci kowane coci ya riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma da wanda ya yi aure da wanda aka binne, sannan ga ƙidayar jama'a duk shekara 10 wadda tun 1841 take ɗauke da sunan kowa gida gida, kuma kusan kowane yanki na da ma'ajiyar tsofaffin takardu da kowa zai iya zuwa ya duba, ta Dorset tana garin Dorchester. Amma takarda suna da shekara kawai za ta ba ka. Ba za ta gaya maka wa ke toya burodi mai daɗi ba, ko yadda ake sa mutum a kan tudu ya tsaya gadin teku, in ya hango garken kifi ya kwaɗa kira duk gari a ruga a ja koma. Wannan sai daga bakin waɗanda suka rayu a ciki, kuma an bi su, an zauna da su da rikoda da biro, sun buɗe akwatuna sun fito da hotuna, tun suna da rai. Mafi yawan masu wannan aiki a ƙauyukan Birtaniya ba furofesoshi ba ne, ƴan fansho ne da malaman makaranta da ke haɗuwa wata wata a zauren gari.

Kuma da aka saurare su sai aka ji labarin ba murya ɗaya ba ce. Akwai tsofaffin da baƙin ciki ya kwantar, ba su daɗe ba bayan tashin. Akwai kuma waɗanda da aka ba su gidajen gwamnati a wajen Wareham, ga lantarki ga famfo ga banɗaki a cikin gida, ga shi ba sa ƙarƙashin mai gandu, suka ce su kam ko an buɗe ba za su koma ba. Duka biyun gaskiya ne, kuma ina girmama masu tarihin da ba su goge ɗaya don labari ya yi daɗi ba. Wanda ya ce ba zai koma ba ma ai so yake a ce shi ya zaɓa.

Ba Tyneham kaɗai ba ce. A yankin Wiltshire akwai ƙauyen Imber, su ma a Disamban 1943 aka fitar da su, mutum wajen 150, don sojojin Amurka su yi atisaye, su ma ba a dawo da su ba. Ana ba da labarin maƙerin garin, wai an same shi ya kifa kai a kan maƙerarsa yana kuka, ƴan makonni da tashi ya rasu, aka dawo da gawarsa aka binne a harabar cocin garin. Har a farkon 2023 an sake buɗe hanya aka kai gawar wani dattijo da ya bar garin yana yaro, don ya roƙi a kwantar da shi kusa da mahaifinsa. Sau ɗaya a shekara kuma ana jero jajayen bas bas ɗin nan na Landan masu hawa biyu su kwashi jama'a su ratsa filin soja zuwa Imber.

A Tyneham cocin shi ne ginin da ya fi tsira, yana da rufinsa da tagoginsa, a ciki an jera sunayen gidajen da aka tasa a jikin bango, a waje kuma ga kaburburan iyayensu ana share su. Babban gidan Bond ɗin nan kuwa an rushe mafi yawansa a 1967, abun da ya rage yana can cikin itatuwa inda ba a barin kowa ya je. Na taka har bakin teku a Worbarrow na dawo, rana ta yi sanyi, masu gadin filin suka fara zagawa suna cewa a nufi mota. In Lahadi ta yi da yamma za su ja ƙofar su sa kwaɗo, a ɗaga jan tuta, Litinin da safe a ci gaba da harbi.