Binegaret: daga kwanon salak zuwa aljihun Bature

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Kalmarmu ta yau ta Faransanci ce, binegaret. Tushenta khal ne, wannan ruwan khal ɗin da kuke saya a shagon magungunan Musulunci. Bafaranshe yana ce masa "vinaigre", wato giyar inabi da ta yi tsami. Ma'ana uku zan kawo.

Ta farko mahaɗin salak ne: mai kashi uku, khal kashi ɗaya, a kaɗa. Mu wuce.

Ta biyun nan ita ce tawa. Ɗan akwati ne na azurfa, wani bai kai kwalin ashana ba. A Ingila aka yi yayinsa, daga ƙarshen ƙarni na 18 har cikin na 19, maƙeran Birmingham suka shahara da shi. Ka buɗe murfi, sai ka tarar da wani murfin mai huji-huji, ƙarƙashinsa ɗan soso jiƙe da khal da kayan ƙamshi irin su kanumfari. Don me? Don Landan a wancan zamanin wari take yi! Wari fa, jama'a. A 1858 ɗoyin kogin Thames ya addabi 'yan majalisa har cikin zaurensu. Kuma a lokacin sun ɗauka warin ne da kansa ke kawo cuta. Sai mutum ya kara akwati a hanci, shi a dole ya tsira. Mace ta ji jiri, a shaƙa mata. Turare ne, magani ne, ado ne. Alhali tun 1854 likita John Snow ya bi sawun kwalara har bakin famfon unguwa. Ana toshe hanci, ana kwankwaɗar cutar a kofi!

Ta uku, keken ja mai ƙafa biyu a Faransa, mutum ke jan mutum. A Rasha kuma sunan wani salak ne. Au, huɗu ke nan ashe.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya, tunda khal daga giya ya fito, ya halatta? To, ƙwayoyin bakteriya ne ke cinye barasar su mai da ita tsami, masanin kimiyya Bafaranshe Louis Pasteur ya yi bayaninsa. Kuma a Sahihu Muslim Annabi (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Saɓanin malamai yana kan wanda aka juya giyar da gangan. Liman yana nan gaba, a miƙa masa lasifika.