Ƙafar Mai Ciwon Suga: A Fara Da Cire Takalmi

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina, 'yan'uwa ma'aikatan jinya da ɗalibai, barkanmu da warhaka. Na baya can, kuna ji na? To madalla.

A cikinku wa ya taɓa ce wa mai ciwon suga ya cire takalminsa, alhali ba ƙafar ce ta kawo shi ba? Hannu uku kawai nake gani. Haka na zata. Mu awon jini muka iya, a rubuta magani, a ce na gaba ya shigo.

Wani dattijo, mai awo a kasuwa, ya taɓa zuwa wurina karɓar magani. Yana zama sai na ji wani ɗan wari-wari. Na ce, "Baba, a taimaka a cire takalmin nan." Ya ce, "Likita, ƙafata lafiyarta ƙalau." Da na kifa takalmin sai ga ƙusa ta huda ƙasansa, tsininta ya ɓullo ta ciki, ga rami a tafin ƙafarsa har ya fara ruwa. Bai san ranar da ya taka ta ba. Kuma ba ƙarya ya yi mini ba, shi dai bai ji komai ba.

Suga in ya daɗe yana hawa, yakan kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi, kuma daga yatsu yake farawa. Fata ta daina gumi, ta bushe, ta yi faso, balle da hunturu. Hanyoyin jini su tsuke. To ga rauni, ga ƙarancin jini, ga ƙwayoyin cuta, mutum kuma yana ta takawa.

Babban ɓangare na wannan ilimi wurin masu cutar kuturta aka samo shi. Da ana zaton naman jikinsu ne ke ruɓewa da kansa. Wani likitan tiyata ɗan Ingila, Paul Brand, da ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, shi ya nuna cewa rashin jin zafi ne ke sa su yi ta samun rauni a wuri ɗaya har gaɓar ta lalace. Da ya koma asibitin kutare na Carville a Amurka a 1966 sai aka ga darasin ya dace da masu suga. Shi ya sa ake ɗaure irin wannan ƙafa da filasta mai tauri irin ta karaya, don a ɗauke wa gyambon nauyi. Ku wanke gyambo sau ɗari, in ana taka shi ba zai haɗe ba.

Mu dawo gida. Tsakanin 2016 da 2017 an yi wani bincike mai suna MEDFUN a manyan asibitoci shida na Nijeriya, har da na koyarwa na Kano da na Zariya. An bi majinyata 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa. Kashi 35 cikin ɗari sai da aka yanke musu wani ɓangare, kusan ɗaya cikin biyar kuma rai ya yi halinsa. Mafi yawansu sun iso ne bayan gyambon ya yi nisa. An sa man zafi, an barbaɗa garin kafso, an je wurin mai magani, sai da wari ya hana zama da su aka ɗauko mota.

Wani zai ce ai ba mu da kayan aiki. A Tanzaniya ma haka suka ce. Amma a farkon shekarun 2000 aka ɓullo da shirin horarwa na Step by Step a can da Indiya, Dakta Zulfiqarali Abbas na Dar es Salaam yana cikin jagororinsa. Abin da ya burge ni shi ne ba likita kaɗai ake kira ba. Kowane asibiti zai turo likita da ma'aikacin jinya tare, a koya musu duba ƙafa da kankare kantar da ke fitowa a kanta na 'yan kwanaki, su koma su yi aiki suna rubuta duk wanda suka gani, bayan shekara su dawo da littafinsu a ɗora musu. Yanke ƙafa ya ragu a wuraren da aka yi haka. Littafin nan shi ne binciken, ba sai an jira na'ura daga Turai ba.

Ƙungiyar IWGDF, ta ƙwararrun duniya kan ƙafar masu ciwon suga, tana fitar da ƙa'idoji tun 1999, na 2023 suna intanet kyauta, ku karanta. Sai dai ku za ku ƙara abin da ke namu: kaskon wuta da tsohuwa ke kara ƙafa a kai da sanyi, mai yankan farce da ke yawo da almakashi ɗaya, danshin da ke zama tsakanin yatsu bayan alwala, lallen da ke ɓoye canjin launin fata, alhajin da takalminsa ya ɓace a Makka ya taka ƙasa da rana tsaka. Har ɓera na cizon yatsa mutum na barci, Abbas ya rubuta a kan wannan.

In babu siririn zaren nan na giram 10 da ake danna wa ƙafa don a gwada ko tana ji, akwai gwajin da aka ƙirƙiro a asibitin Ipswich na Ingila. Majinyaci ya rufe ido, ka taɓa kan babban yatsa, da na tsakiya, da ƙaramin, a kowace ƙafa, taɓawa kawai ta daƙiƙa ɗaya ko biyu, ban da dannawa. In ya kasa jin biyu ko fiye cikin shida, ƙafarsa na cikin haɗari.

Yanzu ku ware bibbiyu, maza da maza, mata da mata. Kowa ya cire takalmi da safa. Malam na ƙarshen layi, har da kai.