Sharhi: Dokar Da Ke Hana Masu Mamayar Gidaje A Italiya Wuta, Ruwa Da Rajista

Masu sauraro, a watan Mayun 2019 wani babban limami daga fadar Fafaroma, Kadinal Konrad Krajewski, ya sauka cikin ramin na'urorin lantarki na wani dogon bene a birnin Rum, ya ɓalle hatimin kamfani, ya mayar da wuta. Mutum kusan 450 ke zaune a ginin, ciki har da yara kimanin 100, sun kwana da kwanaki cikin duhu saboda bashin kuɗin wuta da ya kai kusan yuro dubu 300. Ginin, wanda ake kira Spin Time, tsohon ofishin fanshon ma'aikatan gwamnati ne da ke rufe, har ƙungiyar Action, mai fafutukar samar wa marasa gida matsuguni, ta shigar da iyalai cikinsa ba da izini ba a 2013.

Irin wannan mamaya ba a yin ta kara zube. Ƙungiya ce ke tattara sunayen iyalan da haya ta gagara, ta nemo ginin da aka yi watsi da shi, ofis ne, makaranta ko masana'anta, a shiga rana guda a cikin taro. Sai a raba ɗakuna da allunan bango, a ja bututun ruwa, a tsara gadin ƙofa bi da bi, a riƙa zaman shawara. Wurin da matsala ke fitowa sananne ne: ginin da aka yi don ofis ba shi da wayoyin da za su ɗauki nauyin murhun lantarki da na'urar ɗumama ɗaki a kowane lungu, ga tukwanen gas a ɗakin kwana. Gobara tana kusa kullum.

Tushen abin shi ne ƙarancin gidajen gwamnati, waɗanda ba su kai kashi 5 cikin 100 na gidajen ƙasar ba. A 1998 aka rufe asusun Gescal da ake cire wa ma'aikata kuɗi don gina su, a shekarar kuma aka soke dokar ƙayyade haya ta 1978.

Amma abin da ya fi cutarwa shi ne sashe na 5 na dokar gidaje ta 2014, wadda ake danganta wa Maurizio Lupi, minista a wancan lokaci. Ta ce wanda ya mamaye gini ba da izini ba, ba zai yi rajistar mazauni a adireshin ba, ba kuma za a haɗa masa wuta, ruwa ko gas ba. A Italiya wannan rajista ita ce igiyar da komai ya rataya a kanta: katin shaida, likitan iyali, tallafin gwamnati, kaɗa ƙuri'a, har shiga layin neman gidan gwamnatin kansa. Wato an toshe wa mutum ƙofar da zai bi ya fita daga mamayar, kuma yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ke ɗaukar hukuncin.

Kora kuwa ba ta raba gardama. A Agustan 2017 an fitar da 'yan gudun hijirar Eritriya da Habasha kimanin 800 daga wani gini kusa da dandalin Indipendenza a Rum ba tare da isasshen tanadi ba, suka kwana a fili, bayan 'yan kwanaki aka watsa su da motar feshin ruwa. Birnin Turin ya bi wata hanya. Ƙauyen wasannin Olamfik na 2006, wanda sama da mutum dubu, galibinsu 'yan Afirka da yaƙin Libiya ya koro, suka mamaye a 2013, an kwashe shi daki-daki daga 2017 zuwa Yulin 2019, da haɗin gwiwar hukumar birni, coci da gidauniyar Compagnia di San Paolo, ana ba mutane masauki da horon sana'a kafin a rufe kowane bene.

A 2022 magajin garin Rum, Roberto Gualtieri, ya ba da umarnin yi wa masu rauni rajista duk da sashe na 5. Sassauci ne na gaske, sai dai ya tsaya a iyakar birni ɗaya, kuma magajin gari na gaba yana iya janye shi muddin majalisar ƙasa ba ta soke sashen ba.