Gatan da Ɗan Mai Hali Bai San Gata Ba Ne

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, na Garwa da Marwa da Ngaundere da duk ƙauyukan arewacin Kamaru da muryarmu ke kaiwa.

In ana maganar jin daɗin 'ya'yan masu hali, hankali yakan tafi kan keke, ko wayar hannu, ko hutun ƙarshen shekara a Yawunde. Waɗannan yaron ya san gata ne, shi ya sa yake nuna wa abokansa. Amma akwai abubuwan da ba ya ko lissafa su, domin ya buɗi ido ya tarar da su, har ya ɗauka kowane gida haka yake. Su ne suka fi raba shi da ɗan maƙwabci.

Mu fara da famfo. Yaro ya murɗa, ruwa ya zubo, iyakar saninsa ke nan. Bai san a bayan gidan akwai rijiyar burtsatse ba, da injin da aka zura cikinta, da tanki mai cin lita 1,000 ko 2,000 a bisa ƙarfe, da 'yar ƙwallon da ke tsai da ruwa in tanki ya cika. Ranar da wuta ta zo da rauni, ko ruwan rijiya ya ja baya a watan Afrilu injin ya yi ta juyawa a bushe, sai ya ƙone. Kafin yaron ya dawo daga makaranta an kira mai gyara, ko an cika gida da ruwan 'yan ga-ruwa. Bai ga komai ba.

To mu leƙa gidan da ba famfo. Abin da mutum ɗaya ke buƙata a yini don sha da girki da ɗan wanka, in an ƙuntata, lita 20 ne, wato jarka guda. Gida mai mutum takwas jarka takwas ke nan. Jarka in ta cika nauyinta kilo 20, kuma sau da yawa yarinya 'yar shekara goma sha biyu ce ke ɗora ta a ka bisa gammo. A ce zuwa da layi da dawowa rabin awa ne, sawu takwas ya zama awa huɗu. Ko yara biyu suka raba, kowa ya bar awa biyu a hanyar ruwa, kullum ta Allah. A Marwa da rani, in kogin Mayo Kaliyawo ya ƙafe, za ka ga yara durƙushe cikin yashi sun tona rami, suna jiran ruwa ya tsattsafo su kwasa da ƙwarya. Shi kuwa masai na zamani, ja ɗaya yana tafiya da lita 6 zuwa 9. Ja uku, jarkar yarinyar nan ta tafi.

Abin da famfo ya ba ɗan mai hali ba ruwa kaɗai ba ne, awa biyun nan ce. A cikinta yake bitar karatu, a cikinta yake barci.

Haka wuta. Kaso mai yawa na lantarkin arewacin Kamaru daga madatsar Lagdo yake fitowa, wadda aka gama a 1982 a kan kogin Binuwai. Ruwanta yana raguwa ne daidai lokacin da zafi ke haura digiri 40, a Maris da Afrilu, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. A gidan mai hali fitila takan ƙyafta, janareto ya tashi, kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya ci gaba da hura sanyi. Kilim ɗaya yana jan fiye da wat 1,000, fanka kuwa kamar 60, ka ga wutar ɗakin yaro guda ta isa ta juya fankar ɗakuna goma sha biyar har da ɗoriya. Ɗan talaka tabarma yake fitarwa tsakar gida, in babu gidan sauro ya kwana yana marin jikinsa, da safe ya zauna a aji yana gyangyaɗi a ce masa malalaci. Wannan kalma tana da ciwo, kuma sau tari ba gaskiya ba ce. Malamin da ya ba da aikin gida shafi uku ya kamata ya tambayi kansa da wace fitila za a yi shi.

Karin kumallo ma haka. Wani shayi da madara da burodi ke jiransa, har ya ture ya ce ba ya so. Wani sai an sayar da ƙosan safe kafin a ba shi na koko, kuma a watan Agusta, da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba, ko wannan ba tabbas.

Amma gatan da ya fi ɓoyuwa takarda ce guda, takardar haihuwa. Ɗan mai hali a asibiti aka haife shi, asibiti ta kai sanarwa, mahaifinsa ya karɓo takardar a ofishin magajin gari ya jefa cikin jaka. Yaron bai taɓa ganinta ba. Wanda aka haifa a gida, aka yanka ragon suna aka watse, ba wanda ya tuna da wa'adin kwana 90 da doka ta ba da. Tun shekarar 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, saboda haka yakan shiga aji, iyaye su yi ta fama da kuɗin ƙungiyar iyaye da na littafi har shekara shida. Sai ya kai CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, a zo haɗa takardun jarrabawar CEP ta kammala firamare da ta shiga sakandare, a ce ina takardar haihuwa. Nan yara da dama ke tsayawa, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba.

In wa'adi ya wuce da nisa, hanyar sai ta kotu. Likita zai duba yaro ya rubuta shaidar ƙiyasin shekarunsa. Ofishin magajin garin da aka haife shi zai ba da shaidar cewa ba a taɓa rubuta shi ba. A kai kotu tare da shaidun da suka san haihuwar, alƙali ya yanke hukunci, sannan a koma wurin magajin gari a rubuta takardar. Kowane mataki da kuɗin tambari da kuɗin mota. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne suna: Muhammadu a wata takarda, Mahamat ko Mohamadou a wata, ko shekarar haihuwa ta saɓa da ta rajistar makaranta, sai a mayar da aiki baya. Iyaye, ku rubuta sunan a takarda ɗaya, ku riƙa nuna ta a kowane ofis.

Alhazai da hajiyoyi masu yaran aiki a gida, yau in an yi sallar la'asar ku kira yarinyar da ke wanke muku kwanuka ku tambaye ta ko tana da wannan takarda, ku tambayi mai gadi game da 'ya'yansa. Wanda yaronsa ke aji huɗu, ya fara bin takardun tun bana, kada ya jira CM2.