Fodkas: yadda injinan Bentley masu sufacaja suka fashe a tseren Le Mans na 1930

Nura: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ni da Hadiza da Oga Bala, Faransa muka nufa, tseren motoci na Le Mans na awa 24 da aka yi ranar 21 da 22 ga Yunin 1930. Oga, fara mana da sufacaja tukuna.

Oga Bala: To Nura, inji dai iska yake shaƙa ya haɗa da fetur ya ƙona. Sufacaja fanfo ne da karanshaf ke juyawa, yana ɗura wa silinda iska da ƙarfin tsiya fiye da wadda za ta shaƙa da kanta, iska ta ƙaru sai a ƙara mai, ƙarfi ya hau. Motar Bentley mai inji lita 4 da rabi ta tsere tana ba da ƙarfin doki wajen 130, da aka ɗaura mata wannan fanfo sai ta kai 240.

Hadiza: Kusan ninki kenan fa, a inji ɗaya.

Oga Bala: Inji ɗaya, kuma nan matsalar take.

Nura: Wanda ya kawo shawarar direba ne, Tim Birkin, injiniya Amherst Villiers ya ƙera fanfon aka maƙala shi a can gaba, gaban lagireto. Shi mai kamfanin W.O. Bentley sam bai so ba, ra'ayinsa in kana son ƙarfi ka ƙara girman inji kawai, amma lokacin kuɗin kamfanin na hannun Woolf Barnato, shi ya amince aka ƙera guda 50 don dokar tseren ta yarda da motar, wata attajira Dorothy Paget kuma ta ɗauki nauyin ƙungiyar Birkin.

Hadiza: Yaya Nura, ga kuma Bajamushe a gefe ko?

Nura: Rudolf Caracciola, da Mercedes fara mai lita 7, ita ma da sufacaja, sai dai nata ba ya aiki sai ka take totur har ƙasa, an yi shi ne don ɗan lokaci kaɗan, ka wuce mota ka saki. Shi kuwa na Bentley kullum juyawa yake. Ana farawa Caracciola ya wuce gaba, Birkin ya bi shi a guje a miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne, yana gudun kusan kilomita 200 a awa ya wuce shi tayoyin gefe ɗaya a kan ciyawa, fatar tayar baya ta ɓare tana yawo amma wallahi bai tsaya ba, har ya kafa zagaye mafi sauri na tseren, sai da tayar ta fashe gaba ɗaya ya lallaɓa wurin gyara. Ni dai wannan mutumin yana burge ni.

Oga Bala: Jarumi ne, ban musa ba. Amma ni abin da ke cikin injin nake ji a jikina. Hadiza, kin taɓa ba keke iska da fanfon hannu ki taɓa gindinsa?

Hadiza: Zafi ƙwarai.

Oga Bala: Yauwa, duk iskar da aka matse sai ta yi zafi. Motocin yanzu suna da abin sanyaya ta kafin ta shiga silinda, waccan ba ta da shi. To iska mai zafi, ga matsi ya yi yawa, sai ragowar man da ke cikin silinda ya fashe da kansa maimakon ya ci a hankali daga filogi. Ƙarar ƙwas-ƙwas ce kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe, a cikin hayaniyar tsere direba ba lallai ya ji ba. In ka buɗe irin wannan injin za ka ga saman fistin ya yi tsaga-tsaga da ƙananan ramuka, gefen da ringi ke zama ya karye, wani lokacin ma rami ne ya huda shi tsaf, ga ɓurɓushin alminiyon a bakin filogi. Kuma kowace fashewa tana sauka ne kan kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, da metal ɗin da take juyawa a kai, ga baƙin mai ya yi zafi ya tsinke ya zama ruwa-ruwa ba ya iya raba ƙarfe da ƙarfe.

Hadiza: Amma Oga ai awa da awanni suka yi suna gudu ba su lalace ba.

Oga Bala: Gajiyar ƙarfe ba ta nuna kanta da wuri, taruwa take yi.

Nura: Haka kuwa aka yi. Motar Birkin da Jean Chassagne ta kai wajen awa 20 sannan kwanrod ya karye, zagaye 138. Ta biyun, ta Benjafield da Ramponi, ta kai 144 fistin ya tafi. Waɗanda suka ci na ɗaya da na biyu su ne manyan Bentley Speed Six masu lita 6 da rabi marasa sufacaja, Barnato da Glen Kidston a gaba da zagaye 179.

Hadiza: To tsaya, ana yawan cewa Birkin sadaukar da motarsa ya yi, ya tilasta wa Caracciola yin ta take sufacaja har Mercedes ta mutu. Ni fa ban gamsu ba, don dalilin da aka rubuta na fitarta cikin dare shi ne batir ya mutu, dainamo ya daina caji. Wannan ai matsalar wuta ce.

Nura: An dai matsa mata, bayan Birkin su Barnato ma sun karɓa sun ci gaba da korar ta.

Hadiza: An matsa mata na yarda, amma sakamakon da ke ƙasa shi ne motocin Birkin biyu da suka shiga babu wadda ta gama, kuma su kam inji ne ya kashe su. Abin yana min ciwo, kana ganin ƙarshe saura awa huɗu.

Oga Bala: Shi ya sa nake bayan W.O. Kuma har gobe ana yin wannan. Mutum a Amurka ko Ingila zai sayi sufacaja ya ɗaura wa motarsa, ya gwada a miƙaƙƙen titi na daƙiƙa goma sha wani abu, lafiya lau, sai ya ɗauka ya gama. Ranar da ya shiga filin tsere mai kwana-kwana ya yi minti 20 ƙafa a ƙasa, abin sanyaya iskar kansa ya ɗau zafi, fanfon mai ya kasa kai fetur yadda ake buƙata, a doguwar kwana kuma baƙin mai ya tattare gefe guda fanfo ya zuƙi iska, shi kenan. Kamfanoni ma ba su tsira ba, Corvette Z06 ta 2015, motar Chevrolet mai sufacaja da ƙarfin doki 650, masu ita sun yi ta kukan tana zafi a filin tsere kwamfuta ta rage mata ƙarfi, har kotu aka je.

Hadiza: Gara ita, kwamfuta ta cece ta.

Oga Bala: Sosai, Birkin ba shi da wannan, daga kunnensa sai agogon mai.

Nura: Amma ku bar ni in kare shi da abu ɗaya. A shekarar dai, a gasar Grand Prix ta Faransa da aka yi a Pau, ya shiga da wannan ƙatuwar motar cikin ƙananan Bugatti ya zo na biyu, bayan Philippe Étancelin.

Oga Bala: Tseren Pau bai kai kilomita 400 ba Nura, wanda ya ci Le Mans sai da ya haura 2,900. A gajeren tsere na yarda motar dodo ce.

Nura: To mun tsaya a nan, Oga da Hadiza na gode, jama'a sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.